Dish Ɗaya, Tashoshi Da Yawa: Amsoshin Tambayoyinku Kan Raba Talabijin A Cikin Gida

Mafi yawan wasiƙun da suka taru mana a wannan wata a kan abu ɗaya suke magana, wato yadda za a mayar da kwamfuta guda ta zama uwar garke a cikin gida, ta riƙa kamo tashoshin talabijin kai tsaye tana rarraba su zuwa wayoyi da akwatunan talabijin na mutanen gidan. Mun zaɓi guda shida daga ciki, kuma mun taƙaita wasu domin fili ya ishe mu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai mata biyu da 'ya'ya tara, kuma dish ɗaya gare mu wanda yake fuskantar tauraron ɗan'adam na Nilesat. Kullum bayan sallar isha'i sai an yi ja-in-ja a kan rimot, domin uwargida wa'azi take so, amarya wasan kwaikwayo, yara katun, ni kuma labarai nake son gani. Wani yaro ya gaya mini cewa idan na haɗa dish ɗin da tsohuwar kwamfutar da ke ajiye a ɗakina, kowa zai iya kallon tashar da yake so a wayarsa a lokaci guda. Shin gaskiya ne, kuma tashoshi nawa za a iya kallo tare?
Magidanci daga Gwale, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai nuna maka inda gizo yake saƙar ba. Kwamfuta ita kaɗai ba ta jin yaren dish, dole sai an sa mata na'urar kamo tasha, wadda masu sana'ar suke kira tiyuna, ko dai kati ne da ake sakawa a cikinta ko kuma 'yar na'ura da ake maƙalawa ta kafar USB. Ga tauraron ɗan'adam, tiyunar da za ka nema ita ce mai ɗauke da rubutun DVB-S2. Yawan tashoshin da iyalinka za su kalla a tare ya rataya ne a kan yawan waɗannan tiyunoni da kuma yadda tashoshin suka zauna a kan tauraron, kuma wannan ne lissafin da ya kamata ka yi tun kafin ka fitar da ko sisi daga aljihu.

Tauraron ɗan'adam ba ya aiko tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗaure su ne dami-dami, kowane dami a kan firikwansi guda, kuma wannan damin shi ake kira taransifonda. Idan ka taɓa tsayawa a kan mai saita dish yana aiki, ka ga yana shigar da lambobi irin su firikwansi, da harafin H ko V, da wata lamba kamar 27500, to adireshin taransifonda ɗaya ne yake rubutawa, shi ya sa da ya danna bincike sai ka ga tashoshi goma ko fiye sun zubo a lokaci guda. Taransifonda ta tsohon tsari mai lambar 27500 tana ɗaukar kimanin megabit 38 a daƙiƙa, kuma tashar da ba ta HD ba takan ci tsakanin megabit 2 zuwa 5, saboda haka dami ɗaya yakan ɗauki tashoshi da dama. Ka ɗauki taransifonda tamkar tirela ce da ta shigo kasuwar Dawanau shaƙe da buhuna, tiyuna kuma ita ce wurin sauke kaya mai ɗaukar tirela ɗaya tak. Duk buhun da ke cikin tirelar da ta tsaya za a iya sauke shi, ko buhu goma ne a lokaci guda, amma buhun da ke cikin wata tirelar sai ya jira wannan ta matsa.

Ma'anar wannan a gidanka ita ce, idan tashar wa'azin uwargida da tashar labaranka suna kan taransifonda ɗaya, tiyuna guda ta ishe ku ku biyun, har ma da wani na uku idan tasa tashar a nan take. Haka kuma idan yara biyar suka buɗe tashar katun ɗaya a wayoyi biyar, tiyuna ɗaya kawai suka riƙe. Amma da zarar amarya ta nemi tashar da ke kan wata taransifonda daban, sai an sami tiyuna ta biyu, in ba haka ba manhajar za ta ce mata babu tiyunar da ba a amfani da ita. Shawarata ita ce ka ɗauki takarda da biro ka zauna gaban risibar da kuke da ita yanzu, ka rubuta tashoshin da mutanen gidan suke kallo a zahiri, waɗanda a yawancin gidaje ba su wuce goma sha biyar ba duk da ɗaruruwan da ke cikin jerin, sannan ka danna maɓallin bayani a kan kowacce ka rubuta firikwansinta a gefe. Yawan firikwansi mabambanta da ake buƙata a lokacin da gidan ya fi cika da masu kallo, shi ne yawan tiyunonin da za ka saya. Ga gida irin naka, kati mai tiyuna huɗu, irin wanda kamfanonin TBS da Digital Devices suke yi, shi ne zai kashe rikicin.

Saura magana ta biyu, wadda a nan ne na fi ganin mutane suna asarar kuɗi. Na'urar nan da ke ƙarshen hannun dish, wato LNB, ba ta turo duk abin da ta kamo ta cikin waya ɗaya a lokaci guda. Ta raba sararin gida huɗu: akwai ƙaramin zango daga gigahaz 10.7 zuwa 11.7, akwai babban zango daga 11.7 zuwa 12.75, kuma kowannensu yana da ɓangaren V da ɓangaren H. Tiyuna ce take gaya wa LNB gidan da take so ta hanyar wutar da take turawa cikin wayar, bolt 13 idan V take nema, bolt 18 idan H, sannan ta ƙara wani sauti na kilohaz 22 idan babban zango take so. Waya ɗaya gida ɗaya kawai take iya ɗaukowa a kowane lokaci.

Na taɓa shiga wani gida inda mai saita dish ya ɗauki waya ɗaya da ta sauko daga rufi ya raba ta biyu da 'yar marabar nan ta ƙarfe mai baki uku, ɗaya zuwa falo, ɗaya zuwa ɗakin yara. Maigidan ya ce mini aljanu ne a talabijin ɗinsa, domin yana cikin kallo sai hoto ya ɓace ba gaira ba dalili, kuma bayan ɗan lokaci ya dawo da kansa. Na sa aka kira babban yaron na ce ya je ɗakinsu ya riƙa sauya tasha yana faɗin sunanta da ƙarfi, mu kuma muna zaune a falo muna kallo. Duk lokacin da ya koma tashar da ke ɓangaren H, sai ta falo da ke ɓangaren V ta mutu, saboda bolt 18 ya rinjayi bolt 13 a kan wayar da suke tarayya. Maganin shi ne a sauya LNB da mai baki huɗu, a ja wayoyi huɗu daga rufi zuwa inda kwamfutar take, kowace tiyuna da wayarta. Idan jan wayoyi huɗu zai yi wahala, akwai LNB mai tsarin Unicable wanda yake ba tiyunoni da yawa damar tarayya a waya ɗaya ba tare da sun taka juna ba, amma sai ka tabbata katinka da manhajarka sun san wannan tsarin. Idan kuma wata rana ka ƙara dish na biyu domin Arabsat da ke digiri 26 gabas, alhali Nilesat yana digiri 7 yamma, to kowace tiyuna za ta buƙaci makunnin DiSEqC nata domin ta zaɓi dish ɗin da take so.

Duk wannan bayani a kan tashoshin kyauta ne, waɗanda ba a kulle ba. Na kulle suna da tasu maganar a amsa ta huɗu.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, kuma ina so in haɗa irin wannan tsari a gidanmu da hannuna. Wace manhaja ce ta fi dacewa? Sannan yayana da ke Amurka ya ce zai aiko mini da wata na'ura mai suna HDHomeRun wadda ya daina amfani da ita. In ce ya aiko?
Ɗalibi daga Samaru, Zariya

Amsa: Bari in fara da na'urar, tun kafin yayanka ya biya kuɗin aike. Ka ce masa ya duba bayanta, idan ya ga an rubuta ATSC, to ya bar ta a can. Amurka da Kanada da Meziko da Koriya ta Kudu suna watsa talabijin na eriya da tsarin ATSC, alhali Nijeriya da Nijar da Gana tsarin DVB-T2 suka ɗauka, kuma na'urar wancan tsarin ko tasha ɗaya ba za ta kamo a Zariya ba. Kamfanin yana yin samfurin DVB-T2 domin kasuwar Turai, wanda shi zai iya aiki a nan, sai dai shi ma na eriya ne, ba a haɗa shi da dish. Kafin ka sayi kowace tiyunar eriya, ka nemi talabijin mai DVB-T2 a cikinsa ka sa shi ya yi bincike a unguwarku, ka ƙirga tashoshin da suka buɗe ba tare da kati ko dikoda ba. An fara sauya tsarin watsa talabijin zuwa na dijital a Jos a shekarar 2016, aka kai Kano a 2021, amma yawancin abin da eriya take kamowa a biranenmu na GOtv da StarTimes ne, waɗanda a kulle suke. Tashar da ta fito da alamar kwaɗo a talabijin, haka za ta fito a kwamfuta.

Game da manhaja, aikin kashi biyu ne, kuma ya fi kyau ka ba kowane kashi gwaninsa. Kashi na farko shi ne sarrafa tiyunoni, kuma a nan ban ga wadda ta kai Tvheadend ba. Kyauta ce, a kan Linux take gudana, kuma ana saita ta ne ta burauza a kan kafa mai lamba 9981, wato lambar da ake ƙarawa a ƙarshen adireshin kwamfutar. Za ka gaya mata tauraron da dish ɗinka yake fuskanta, ta bi taransifondoji ɗaya bayan ɗaya ta tattaro abin da ke cikinsu, sannan kai ka zaɓi waɗanda za su shiga jerin tashoshin gida. Ita ce take lura cewa mutum biyu suna kan taransifonda ɗaya ta haɗa su a tiyuna guda, kuma ita ce take yanke hukuncin wanda zai haƙura idan tiyunoni sun ƙare. Fuskarta ba ta da kyan gani, kuma daren farko da za ka zauna da ita za ka ji kamar ka jefar da kwamfutar, amma idan ta zauna ta zauna ke nan.

Kashi na biyu shi ne abin da mutanen gida za su gani. Jellyfin, wadda ta samo asali daga Emby a shekarar 2018, ita ma kyauta ce, tana karɓar jerin tashoshi na M3U daga Tvheadend da jadawalin shirye-shirye na XMLTV, kuma tana da manhajar waya da ta talabijin mai sauƙin sha'ani ga iyaye. Plex ta fi ta ƙyalli, amma naɗar shirye-shirye da amfani da ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto wajen juya bidiyo daga wani tsari zuwa wani suna cikin abin da sai an biya kuɗi, kuma ba ta karɓar M3U kai tsaye sai an sa wata manhaja a tsakani. A talabijin na falo kuwa, ni manhajar Kodi nake sa wa mutane, domin tana magana da Tvheadend kai tsaye kuma sauya tasha a cikinta ya fi sauri. Idan ka ga duk wannan ya yi maka yawa a matakin farko, risiba mai tsarin Enigma2 irin su Vu+ da Dreambox tana iya tura tasha zuwa waya ko kwamfuta da kanta, ka buɗe da manhajar kallon bidiyo ta VLC ka gwada, ka ga ko abin ya dace da gidanku.

Tambaya: Ɗana ya haɗa mana wannan tsari kafin ya koma makaranta. Idan mutum ɗaya yana kallo lafiya lau, amma da mun kai uku sai hoto ya riƙa tsayawa yana yayyagewa, murya ta wuce hoto. Ya ce in sayi sabuwar kwamfuta. Kafin in kashe kuɗin ina so in ji ta bakinku.
Uwa daga Unguwar Rimi, Kaduna

Amsa: Hajiya, kin yi dabara da kika tambaya, domin abubuwa uku ne suke kawo wannan ciwo, kuma ɗaya ne kawai daga cikinsu sabuwar kwamfuta take warkarwa. Akwai gwajin da za ki iya yi da kanki ko ki sa wani yaro ya yi miki.

Da farko a duba ko kwamfutar da waya aka haɗa ta da rauta ko kuwa ta Wi-Fi. Idan ta Wi-Fi ne, to kusan an gano ɓarawon, saboda kowace tasha sai ta bi iska sau biyu, daga kwamfuta zuwa rauta, sannan daga rauta zuwa wayar mai kallo. Tashar HD takan ci tsakanin megabit 6 zuwa 12 a daƙiƙa, kuma talabijin kai tsaye ba ya jira, ba kamar bidiyon intanet ba da yake tara guzuri a gaba yana rage kyan hoto idan hanya ta cushe. Tashoshi uku na HD da ke bin iska sau biyu sun isa su shaƙe Wi-Fi mai zangon gigahaz 2.4, musamman a gidan bulo da siminti inda sigina take raunana da kowane bango, kuma wayar da ta fi nisa da rauta tana cinye lokacin sauran saboda a hankali ake yi mata magana. A ja wayar intanet daga kwamfutar zuwa rauta, a ja wata zuwa talabijin na falo, wayoyin hannu kuma a mayar da su zangon gigahaz 5 idan suna kusa. Wayar mita goma ba ta kai kuɗin cefanen kwana biyu ba, kuma sau da yawa ita kaɗai take gama maganar.

Na biyu shi ne juya bidiyo. Tashoshi da yawa na tauraron ɗan'adam har yanzu da tsohon tsarin MPEG-2 suke zuwa, kuma burauza ba ta iya buɗe shi, saboda haka idan ana kallo ta burauza ko ta wata manhajar da ba ta san shi ba, dole kwamfutar ta warware kowane hoto ta sake ɗinke shi da tsarin H.264 a daidai lokacin da ake kallo. Tsohuwar kwamfuta takan iya yi wa mutum ɗaya wannan hidima, ta yi nishi a kan na biyu, ta durƙusa a kan na uku. Alamarsa ita ce fankar kwamfutar ta riƙa kuka da ƙarfi da zarar an ƙaru, kuma a shafin kula na Jellyfin za a ga an rubuta cewa ana juya bidiyon. Magani na farko kyauta ne, wato a riƙa kallo da Kodi ko VLC waɗanda suke buɗe tashar yadda ta zo, kwamfutar ta zama mai miƙa kaya kawai. Magani na biyu shi ne a kunna Quick Sync a cikin saitin Jellyfin, idan kwamfutar tana da ƙwaƙwalwar Intel mai wannan fasaha, wadda ta fara fitowa tun 2011, domin wani ɓangare ne na musamman da aka gina saboda wannan aikin. Sai idan an gwada waɗannan biyun abin ya ƙi ne maganar ɗanki ta sayen wata kwamfutar za ta taso, kuma ko a nan 'yar ƙarama mai ƙwaƙwalwar Intel N100 ta isa.

Na uku shi ne dish ɗin kansa. Mai yiwuwa mutum na uku tashar da yake buɗewa tana kan taransifonda mai rauni ne, ko kuma ɗaya daga cikin wayoyin da suka sauko daga rufi ta sha ruwa a mahaɗarta. Shafin Tvheadend yana nuna ƙarfin sigina da yawan kurakuran kowace tiyuna, kuma idan lambar kurakurai tana hawa a tiyuna ɗaya kawai, mai saita dish za ki kira. Yayyagewar da take zuwa tare da hadari da ruwan sama mai ƙarfi kuwa ɗabi'ar wannan zango ce na tauraron ɗan'adam, dish mai faɗi yana rage ta amma ba ya kawar da ita.

Tambaya: Ina da ƙaramin masauki mai ɗakuna goma sha biyu. Zan iya biyan kuɗin wata na DStv sau ɗaya, in sa katin a cikin kwamfuta, kowane ɗaki ya zaɓi tashar da yake so?
Mai masauki daga Jos

Amsa: A'a, ranka ya daɗe, ta fuskar fasaha da ta fuskar doka duka. Katin DStv an ɗaure shi da dikodar da aka sayar da shi tare, ba ya buɗe komai a cikin wata na'ura daban. Abin da wasu suke yi shi ne su ɗauki hoton da ke fitowa daga bayan dikoda ta HDMI su shigar da shi cikin na'urar da ke mayar da shi bidiyon da zai bi wayar intanet, amma dikoda ɗaya tasha ɗaya take fitarwa, saboda haka ɗakunanka goma sha biyu abu ɗaya za su gani, kuma wanda yake riƙe da rimot shi ne sarki. Tashoshi shida na kulle suna buƙatar dikoda shida. Ban da haka, kuɗin wata na gida an yi shi ne domin kallon iyali, kamfanin yana da tsari na daban domin otal-otal da wuraren kasuwanci, kuma shi ya kamata ka nema. Masu yi maka tayin wata lambar intanet da za ta buɗe duk tashoshin kulle da kuɗi kaɗan, satar makullin wani suke sayar maka, dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta hana karya irin wannan kariya, kuma irin waɗannan lambobi sukan mutu ne a daren da ake babban wasa, lokacin da baƙinka suka fi buƙatarsu.

Inda uwar garke za ta yi maka amfani na gaske shi ne tashoshin kyauta. Da tiyuna huɗu za ka iya zaɓar taransifonda huɗu masu tashoshin da baƙi suka fi so, ka ɗaure kowace tiyuna a kan guda ɗaya dindindin, ta yadda duk tashoshin da ke cikinsu suna nan ko da yaushe kuma babu baƙon da zai ƙwace wa wani tiyuna. Ka ja waya zuwa kowane ɗaki, ka yi amfani da suwic, wato akwatin da wayoyin intanet suke haɗuwa a cikinsa, mai saurin gigabit, domin ɗakuna goma sha biyu kowanne da tashar megabit 8 sun kai megabit 96, wanda ya cika tsohon suwic mai megabit 100 har baki.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne mai yawan tafiya tsakanin Maraɗi da Kwatano. Zan iya kallon tashoshin gidana ina kan hanya?
Ɗan kasuwa daga Maraɗi

Amsa: Za ka iya, Alhaji, amma ka fara yin lissafin data. A cikin gida wannan tsari ba ya cin data ko kaɗan, domin hoton daga dish yake zuwa kuma a cikin rautar gida yake yawo, amma da zarar ka fita sai an biya sau biyu, intanet ɗin gida ya tura, wayarka ta karɓa. Kowane megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabayit 450 a awa, saboda haka tashar megabit 4 tana cin gigabayit 1.8 a awa, wasan ƙwallo guda tare da hutun rabin lokaci ya doshi gigabayit uku da rabi a intanet ɗin gida, da wasu uku da rabin a wayarka. A nan ne juya bidiyo yake da rana, domin za ka iya sa manhajar ta rage hoton zuwa megabit 1, wanda a fuskar waya ba shi da laifi. Ka kuma auna saurin turawa na intanet ɗin gidanka, domin shi ne ake amfani da shi a nan, kuma yawanci ya gaza saurin saukewa nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ita ce isa ga kwamfutar daga waje. Kamfanonin waya sukan tara masu amfani da yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, shi ya sa buɗe kafa a rauta, wato ba na waje hanyar shigowa kwamfutar gida, ba ya aiki a kan layin data na waya. Manhaja irin su Tailscale, wadda aka gina a kan WireGuard, tana haɗa wayarka da kwamfutar gida ta ɓoyayyiyar hanya ba tare da an buɗe komai ba, kuma ko da layinka yana ba da damar buɗe kafa, na fi son wannan hanya a kan barin shafin Tvheadend a buɗe ga duk mai yawo a intanet. Ka tuna kuma cewa kai ma tiyuna kake riƙewa idan kana kallo daga Kwatano, kada ka yi mamaki idan aka kira ka daga gida ana cewa tashar wa'azi ta ƙi buɗewa.

Tambaya: Da sola muke amfani. Kwamfutar da za ta kwana a kunne ba za ta shanye mana batir ba?
Mai karatu daga Azare

Amsa: Ya danganta da kwamfutar. Tsohuwar babbar kwamfuta ta tebur mai cin wat 80 tana shan wat-awa 1,920 a yini da dare, alhali batir mai amfiya-awa 200 da bolt 12 wat-awa 2,400 yake ɗauka, kuma idan na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata a riƙa zuƙa domin ya yi ƙarko. Ƙaramar kwamfuta mai cin wat 12 kuwa wat-awa 288 take sha a wannan lokacin, sai ka ƙara 'yan wat kaɗan na tiyunoni da LNB da rauta. Tsohuwar kwamfutar cinya ma zaɓi ce mai kyau, tunda batirinta yana riƙe ta a daƙiƙun da ake sauyawa daga wutar NEPA zuwa inbata, sai dai da ita tiyunar USB kawai za ka iya amfani. Idan ta tebur ce, ka shiga saitin BIOS, wanda ake shiga daidai lokacin da aka kunna kwamfuta, ka kunna zaɓin da ke sa ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Idan kuna naɗar shirye-shirye, ka lissafa gigabayit 3.6 ga kowace awa ta tashar megabit 8, wato faifan ajiya mai terabayit ɗaya zai ɗauki kimanin awa 270. Kafin damina ta kankama kuma, ka sa mai aikin lantarki ya haɗa wayoyin dish da ƙarfen da aka binne a ƙasa, domin wayoyin suna saukowa ne daga rufinka kai tsaye zuwa cikin kwamfutar.